TSAKANIN KATSINA DA MARAƊI: ZUMUNTA, DIFLOMASIYYA DA TSARO

   

Da Edita ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, sai na zaɓi dangantakarmu da Jamhuriyar Nijar. Wani zai ce ina ruwan manomin Funtuwa ko Malumfashi da wannan, alhali iyaka tana can Jibiya? Amsa tana kasuwar Ɗandume da ta Bakori. Masarar da muke nomawa, wani kaso nata Maraɗi yake nufa, dabbobin da muke layya da su kuwa da yawa daga can suke gangarowa. Ranar da gwamnatocin biyu suka ɓata, buhunmu ne ke fara ji a jikinsa.

Gaba Kafin Zumunta

Kada mu ɗauka kullum lafiya ake zaune. A 1807 mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohuwar zuriyar sarauta ta yi arewa, Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, daga baya Ɗankasawa ya kafa sabuwar sarauta a Maraɗi wajajen 1819. Sun tafi da sunan Katsina da sarautunta, irin su Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka. Shi ya sa ake kiran mai mulkin can Sarkin Katsinan Maraɗi.

Daga nan kusan ƙarni guda aka yi ana gwabzawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Maraɗawa a Gawakuke, amma hare-hare ba su tsaya ba. A zamanin Ɗanbaskore mahaya daga Maraɗi sukan ratso ƙasar Katsina har su taɓa ƙasashen Kano da Zazzau. Yankinmu na kudu, mai ƙasar laka da auduga da masaƙa irin na Maska, abin kwaɗayi ne ga kowane mahari. Duk da haka fatake ba su daina bin hanya ba, almajirai ba su daina tafiya neman karatu ba. Mai son zurfafawa ya nemi littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981.

Layin Da Turawa Suka Shata

Iyakar da muka gada a Turai aka yanke ta. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a taswira daga Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Barruwa, a bakin tafkin Chadi. Suka sake zama a 1898. Sai Faransawa suka yi kukan cewa an bar su da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Saboda haka aka gyara layin a 1904 da 1906, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa, Katsina ta zauna hannun Ingilishi. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho da O'Shee ta bi daji tana kafa turaku.

Abin lura shi ne, zuwan Turawa ya kashe yaƙin, layinsu kuma ya kasa raba mutanen. Wa ya kwana a ƙasar Ingilishi, ƙane a ta Faransi, amma biki ɗaya, makoki ɗaya. Da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, noman auduga ya bunƙasa, 'yan cirani daga arewa suka riƙa kwararowa, wasu suka yi aure suka zauna. Daga baya faifan Alhaji Mamman Shata ya cika kasuwannin Maraɗi, mu ma muka san Mamman Gawo Filinge ba tare da wani ya nemi fasfo ba.

Bayan Mulkin Kai

A lokacin yaƙin basasarmu, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, ko da yake Faransa ta karkata ga Biyafara. A birnin Yamai aka yi zaman neman sulhu na watan Yuli 1968. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai hedkwata a Yamai, daga baya kuma Nijeriya ta shiga sayar wa maƙwabciyarta wutar lantarki.

An kuma ga ɗaya fuskar. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Sai a 1986 aka buɗe. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A dukan lokutan biyu 'yan fasa-ƙwauri sun sami hanyarsu ta daji, mai halattaccen ciniki ne ya kwana a ciki.

Darasin 2023

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta yanke wuta ta rufe iyaka, har aka yi barazanar amfani da ƙarfi. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta dawo ba ta ga Janar Tchiani ba. Amma ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na II, tare da Sarkin Damagaram, ya gana da shi. Bayan 'yan kwanaki tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya, sannan ƙofa ta buɗe wa tawagar Abdulsalami. Majalisar Dattawa ma ta ƙi goyon bayan yaƙi. Rawani da carbi suka shiga inda takardar ofis ta kasa.

Sai dai a faɗi gaskiya, wannan diflomasiyya ta gargajiya tana da iyaka. Ta taimaka wajen hana zubar da jini, amma ba ta mayar da Bazoum kan kujera ba. An ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, duk da haka Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairu 2025.

Kammalawa

Mu da muka ga sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, muka ga manoman Faskari da Sabuwa sun bar gonakinsu, mun san ɗan bindiga ba ya girmama turakun Tilho. Makamai na ratso iyaka, dubban mutanenmu kuma a jihar Maraɗi suka sami mafaka. Wannan ne ya sa gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka je Maraɗi a 2019 suka ƙulla yarjejeniyar tsaro. Tashar sauke kaya ta kan tudu da aka ƙaddamar a Funtuwa a 2024 ma, rabin amfaninta yana ga buɗaɗɗiyar hanya zuwa arewa.

A ganina, a matsayina na ma'aikacin gwamnati, bai kamata a jira sai wuta ta kama sannan a tuna da sarakuna da malamai da shugabannin 'yan kasuwa ba. A ba su mazauni na dindindin a duk zaman da ya shafi iyaka. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kakanninmu sun yi ƙarni suna gwada mashi, bai raba gardama ba. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.