Yaƙin Da Ba A Nuna Mana Ba: Daga Sekigahara Zuwa Takai

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta tashi a majalisarmu ta nan Yalwawa, inda mu huɗu 'yan aji ɗaya muke zama bayan sallar isha'i. Gardamar kuwa a kan ƙarshen wani wasan kwaikwayo ne na tarihin Japan mai suna Shogun, wanda aka fito da shi a 2024 kashi goma, muka kalle shi a kwamfutar ɗaya daga cikinmu, dare goma cur.

Ga wanda bai gani ba, ga labarin a taƙaice. Mai mulkin Japan ya mutu ya bar ɗa ƙarami, ya danƙa riƙon ƙasa a hannun manyan sarakunan yaƙi biyar har yaron ya girma. Huɗu daga cikinsu, bisa jagorancin wani Ishido, suka haɗe kai a kan na biyar, watau Toranaga. Ana cikin haka sai ga wani Bature matuƙin jirgin ruwa, mutumin Ingila, teku ta jefo shi da bindigogi da igwa. Tun daga kashi na farko mai kallo ya sa rai cewa za a ƙare da gagarumin yaƙi. To, sai aka zo kashi na goma ba a gwabza ba. Abin da muka gani shi ne Toranaga a zaune a kan dutse a bakin teku, yana magana da wani baransa mai fuska biyu, Yabushige, wanda ya yanke wa hukuncin kisa. A nan ya bayyana masa cewa an riga an ci yaƙin. Mariko, matar da ya aika birnin Osaka ta kuma rasa ranta a can, ta tona wa Ishido asiri cewa garkuwa yake yi da iyalan sarakuna, mutuwarta kuma ta sa uwar yaro magajin ƙasa ta aiko a asirce cewa rundunar ɗanta ba za ta fito fagen fama ba. Ba tutar magaji, Ishido ya zama ɗan tawaye kawai. Aka ɗan haska mana filin dagar kamar a mafarki, wasa ya ƙare.

Ɗaya daga cikinmu, wanda tun muna aji uku ba ya rabo da finafinan faɗa, ya ce an cuce mu, kuɗin shirya yaƙin ne ya ƙare musu. Ni kuwa na ce a'a, wannan ƙarshe shi ne ya fi kusa da gaskiyar tarihi. Hujjata ta farko daga Japan take, ta biyu kuwa daga nan ƙofar gidanmu.

Wasan an gina shi ne a kan littafin James Clavell na 1975, shi kuma marubucin ya sauya wa mutanen gaske sunaye. Mai mulkin da ya mutu shi ne Toyotomi Hideyoshi, wanda ya rasu a 1598 ya bar ɗansa Hideyori yana da shekara 5. Toranaga shi ne Tokugawa Iyeyasu, Ishido kuma Ishida Mitsunari. Baturen shi ne William Adams, wanda ya sauka Japan a 1600 a jirgin mutanen Holan, bai kuwa sake ganin Ingila ba har ya mutu a 1620. Mariko ma tana da asali: wata mata ce Kirista mai suna Hosokawa Garasiya, da ta mutu a Osaka a 1600 sa'ad da Ishida ya so ya kama ta garkuwa, mutuwarta ta jawo masa baƙin jini har ya janye wannan dabara. Wasiƙar uwar magaji ƙagen masu wasa ne. Amma yaƙin da aka yi a Sekigahara ran 21 ga Oktoba 1600 ya tafi ne a kan irin wannan hanya. Iyeyasu ya daɗe yana aika wasiƙu da alkawuran ƙasa ga mutanen abokin gabarsa. Ranar da aka ja daga, wata babbar runduna ta gidan Mori ta tsaya a kan tudu ba ta motsa ba, wani matashin sarki mai suna Kobayakawa Hideyaki kuma ya juya ya afka wa ɓangarensa. Yaƙin da zai raba gardamar mulkin Japan bai kai faɗuwar rana ba. Ashe ke nan takobi ya zo ne ya sa hannu a kan abin da alƙalami ya riga ya rubuta.

Yanzu bari mu dawo gida. Malaminmu na tarihi, Allah Ya saka masa da alheri, ya koya mana Basasar Kano a darasi ɗaya tak, don ba ta cika fitowa a jarrabawa ba, mu kuwa muka haddace 1893 zuwa 1895 muka wuce. Sai da na je jami'a na karanta littafin Adamu Fika na 1978 a kan wannan yaƙi, sa'an nan na gane cewa abin a ƙasarmu aka yi shi. A wancan zamani Dutse tana ƙarƙashin Kano, Takai kuwa, inda masu tawaye suka kafa sansani, duk wanda ya bi ta Kwanar Huguma zuwa Kano ya ratsa ƙasarta.

Asalin rigimar gado ne, kamar ta Japan. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya bar 'ya'ya masu yawa. Ƙanensa Muhammadu Bello ya gaje shi, ya shiga tuɓe 'ya'yan ɗan'uwansa daga sarautu yana share wa ɗansa Tukur hanya. Tukur ba rago ba ne, ya nuna bajinta a yaƙin Argungu a gaban Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Saboda haka da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi ya ba da umarni a naɗa Tukur, ko da yake hankalin mafi yawan manyan Kano yana kan Yusufu ɗan Abdullahi. Wazirin Sakkwato Buhari, wanda yake Kano a lokacin, shi ya cika umarnin. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka nufi Takai.

A nan ne nake so 'yan'uwa su lura. A takarda, Tukur yana da komai: yana cikin birni mai ganuwa, yana da gidan sarauta, yana da wasiƙar Sakkwato. Har ma harin farko da Yusufawa suka kai wa birni bai yi nasara ba. Amma da Sarkin Musulmi ya umarci sauran sarakuna su kai wa Tukur gudummawa, yawancinsu sai suka yi ta jan ƙafa, kamar dai rundunar nan da ta tsaya a kan tudu a Sekigahara. Su kuwa Yusufawa suka bi garuruwan gabas da kudu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya bi a karɓe shi, wanda ya ƙi a ci shi da yaƙi, har birni ya zama kamar tsibiri.

Sa'an nan sai babban abu ya faru. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, tun ba a shiga Kano ba. A al'ada, tawayen da ya rasa shugabansa watsewa yake yi. Amma sai aka miƙa jagoranci ga ƙanensa Aliyu Babba, wanda muka fi sani da Alu, alhali akwai waɗanda suka girme shi. Me ya sa? Domin mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, watau jinin Shehu Usmanu ne ta wajen uwa. Yusufawa sun san cewa ko sun ci birni da ƙarfi, ba za su zauna lafiya ba sai Sakkwato ta yarda, Sakkwato kuwa zai yi mata wuya ta ƙi jikanta har abada. A ganina ranar da aka yi wannan zaɓi a Garko, ranar aka ci Basasa. Shigar Alu Kano a cikin wannan shekara, da fitar Tukur, da karon ƙarshe a Tafashiya a 1895 inda Tukur ya gamu da ajalinsa, duk cikon abin da aka riga aka ƙulla ne. Daga baya kuwa Sakkwato ta amince da Alu. Inda za a yi wasan kwaikwayon Basasa, mai hikima zai iya rufe shi a ɗakin da Yusufu yake jinya, bai kuwa rage komai ba.

To, wannan rabin fassarar ke nan, kuma shi ne rabi mai daɗi. Akwai sauran rabin, wanda ya hana ni barci a daren da muka gama kallo. A kashi na goman nan an ƙone jirgin Baturen. Toranaga ya sa aka tsananta wa mutanen ƙauyen masunta da ke wurin, ana kashe su wai ana neman wanda ya yi ɓarnar. Can a kan dutse sai ya faɗa wa Yabushige cewa shi da kansa ya sa aka ƙone jirgin, don ya tsare Baturen a Japan, ya kuma gwada shi. Watau talakawan nan sun mutu ne a kan laifin da mai hukunta su ya aikata. Haka Mariko: ya aike ta ne yana sane da cewa da wuya ta komo. Mutumin da ya shafe kashi tara yana rantsuwa cewa ba ya son mulki, da aka tambaye shi a ƙarshe ko tun farko abin da yake nema ke nan, bai musa ba. Masu wasan ba su nuna mana yaƙi ba domin suna so idonmu ya tsaya a kan wannan fuska, mu tambayi kanmu ko gwani muke kallo ko azzalumi, ko kuwa duka biyun a jiki ɗaya.

Tarihi ya ƙara wa tambayar nauyi. Iyeyasu ya zama Shogun a 1603. A 1615 ya kewaye Osaka, yaron nan Hideyori da uwarsa suka hallaka a ciki, su da aka ce ana yaƙi don kare gadonsu. Amma kuma gidan Tokugawa ya riƙe Japan fiye da shekara 260, har zuwa 1868, galibi ba tare da yaƙin cikin gida ba. Mutumin Japan yana iya cewa an zubar da jini, amma an sayi zaman lafiya mai tsawo da shi.

Mu fa, me muka saya? Alu ya yi shekara 9 kacal a gadon sarauta, wasu daga cikinsu cikin faɗa da Damagaram. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano yana can hanyar Sakkwato. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi kuma aka kama shi aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Turawa suka naɗa Abbas, shi ma ɗan Abdullahi. Ba na cewa da ba a yi Basasa ba da Kano ta gagari igwar Turawa, don ba ta gagare ta a ko'ina ba. Abin da nake cewa shi ne, garuruwan da aka ƙone, da gonakin da aka bari ba shuka, da 'ya'yan Musulmi da aka kama aka sayar, duk an yi su ne a kan kujerar da ba ta kai shekara 10 ba ta koma hannun baƙo. Sunayen Tukur da Yusufu da Alu suna cikin littafi. Sunan manomin da ke tsakanin Takai da Dutse, wanda runduna ta bi ta kan gerensa, ba ya cikin littafin kowa, alhali wataƙila kakan wani ne daga cikin masu karanta wannan mujalla. Masu iya magana sun ce idan giwaye suna faɗa ciyawa ce ke shan wahala. Ita kanta kalmar basasa, masana sun ce daga yaƙin Basus na Larabawan jahiliyya aka samo ta, wanda dangi suka shekara 40 suna yi a kan raƙuma guda.

Saboda haka ga amsata ga abokina mai son faɗa. Ƙarshen Shogun ba gazawa ba ce. An ɗauke mana ƙurar dawaki ne don mu ga abu biyu da ƙurar kan ɓoye: cewa ana cin yaƙi ne a wurin shawara, ta hanyar wanda ya yarda ya tsaya a bayanka da wanda ya ƙi, da kuma cewa kuɗin nasarar ba mai nasara ne yake biya ba.

Na ga ya dace in faɗi wannan a nan ne domin 'yan ajinmu yanzu mun watsu cikin ofisoshi, wasu a sakatariya kamar ni, wasu a siyasa, wasu a fada. Ba mu riƙe takobi, amma takardu suna bi ta teburinmu, kuma mun san yadda akan gama magana tun kafin a kira taro. Duk ranar da aka kawo wa ɗayanmu wata dabara mai kyau a takarda, ina roƙo ya tambaya: wane ƙauyen masunta ne zai biya?

Ga malamanmu masu koyar da tarihi kuma ina da koke ɗaya. A riƙa ba Basasa fiye da darasi guda, in da hali ma a ɗebi yara a mota a kai su Takai da Garko su gani da idonsu. Tafiyar ba ta kai yini ba, ƙungiyarmu kuwa ba za ta kasa sayen mai ba. Abokina dai har yanzu yana nan a kan bakansa cewa an cuce shi, mun kuwa yi alkawarin ci gaba da gardamar a taronmu na shekara. Wanda yake da ja, sai ya zo da hujjarsa.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Wassalam.

Naku,
Tsohon ɗalibi, Yalwawa, Dutse.