Tankaɗe da Rairaya a Makarantun Jinya

Duk wanda ya taɓa kai 'yarsa makarantar koyon aikin jinya a Kano ya san fargabar da ake kira PTS. Watannin farko ne na karatu, waɗanda ake rufewa da jarrabawar da ke raba wadda za ta ci gaba da wadda za ta tattara kayanta ta koma gida. Wannan tankaɗe ya samo asali ne daga Birtaniya.

A 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan. Tsarin na koyon sana'a ne a hannun mai ita: ɗaliba na kwana a harabar asibiti, tana koyon gyaran gado da wanke rauni a ƙarƙashin idon babbar sista. A 1893 Rebecca Strong ta ɓullo da karatun share fage a Glasgow, don kada a tura ɗanyar ɗaliba kan majinyaci. Shi ne kakan PTS ɗinmu. Turawan mulki da 'yan mishan suka kawo wannan salo Najeriya. Dokar ungozomomi ta 1930 da ta ma'aikatan jinya ta 1947 suka kafa rajista, sannan a 1979 aka haɗe hukumomin biyu suka zama majalisa guda, wadda har yau ita ke shirya jarrabawar fita.

Tsarin ya fitar da masu hannu a aiki, amma a cikin aji malami ne ke magana, ɗalibai na kwafa suna haddacewa. Wadda ta zo da rauni a Turanci ko kimiyya, ƙofar fita ake nuna mata. A Arewa, inda bokon mata ya makara, hakan ya bar asibitocin karkara a hannun maza, alhali mata da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu.

Gyara ya riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan. Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya a 1965. A 1975 Ronald Harden na jami'ar Dundee ya bayyana jarrabawar OSCE, inda ɗalibi ke zagaya tasha-tasha yana nuna abin da ya iya, masu jarrabawa na ba shi maki bisa ma'auni ɗaya. Majalisar jinya ta Najeriya ta rungume ta daga baya.

Gwajin da ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har da Borno. Tun da shiga makarantar jinya na buƙatar kiredit biyar, a Turanci, lissafi da darussan kimiyya uku, shirin ya ɗebo 'yan matan karkara ya ba su shekarar share fage, da sharaɗin su koma su yi wa garuruwansu aiki. Ya kuma horar da malamai su rage dogon jawabi, su sa ɗalibai tattaunawa da gwaji da hannu kafin su shiga ɗakin majinyata.

Darasin a nan shi ne sakamakon ɗaliba yana faɗin ingancin koyarwa kamar yadda yake faɗin ƙwazonta. Yarinyar da ta fito daga Bacirawa, daga sakandaren da ƙila ba ta da ɗakin gwajin kimiyya, idan ta faɗi PTS, ƙauyen ne ya rasa ungozomarsa. Saboda haka idan makarantar Dambatta ko ta Madobi ta fitar da sakamako, kada mu tsaya ga adadin waɗanda suka ci. Mu tambayi nawa aka ɗauka tun farko, nawa aka sallama a hanya, kuma daga waɗanne garuruwa suka fito.