Muhallin Murhu a Tsarin Gidan Gona na Bayleaf

An gina gidan gona na Bayleaf a Chiddingstone, cikin gundumar Kent ta Ingila, tsakanin 1405 zuwa 1430. Ginshiƙansa na katako ne, an cike tsakaninsu da saƙar ƙirare da yaɓen laka. Murhu shi ne ya tsara fasalin gidan, domin an bar falon tsakiya ba bene saboda hayaƙi ya sami hanyar fita ta rufi. Daga baya ne aka raba falon da bene, aka gina mafitar hayaƙi ta bulo. A shekarar 1968 aikin madatsar ruwa ta Bough Beech ya tilasta kwance gidan. An sake tayar da shi a gidan tarihi da ke Singleton a 1972.