Kaj Franck da yaƙinsa da saitin faranti

A shekarar 1953 kamfanin tangaran na Arabia da ke Helsinki ya fitar da wasu kwanuka da faranti masu suna Kilta. Babu zanen fure a jikinsu, babu ruwan zinari a baki. Launi ɗaya kowanne yake da shi: fari, baƙi, kore, shuɗi ko rawaya. Mai tsara su, Kaj Franck, haifaffen Viipuri ne a 1911, birnin da Finland ta rasa ga Tarayyar Sobiyet a yaƙin duniya na biyu.

Wannan rashi yana da hannu a siffar Kilta. Mutanen Kareliya, yankin da Viipuri take, sama da 400,000 suka baro gidajensu, aka shiga ƙarancin muhalli, sababbin gidaje kuma kicin ɗinsu kamar aljihu. Ina magidanci zai ajiye saitin faranti mai ɗimbin yawa, wanda ba a fito da shi sai ranar baƙi? Franck ya wargaza saitin gaba ɗaya. Mutum ya sayi guda ɗaya yau, ya ƙara wani baɗi, ya haɗa launin da ya ga dama. Kayan suna hawa kan juna a kanta, kwano ɗaya ya fito daga tanda ya wuce tebur. Har kwalbar kirim ɗin madara ya siranta don ta shige tsakanin gilasan taga biyu, inda sanyi ke adana ta.

Haka ya bi da gilashi a masana'antar Nuutajärvi. Tambulan ɗinsa Kartio, na 1958, miƙaƙƙen jiki ne mai buɗewa sama, ba ƙari.

Sai dai a fage guda Franck bai yi nasara ba. A shekarun 1960 ya dage cewa kayan da inji ke bugawa dubbai bai kamata a tallata su da sunan mai zane ba, domin aikin hannaye da yawa ne. Hujjar tana da ƙarfi, amma kasuwa ba ta saurare shi ba, kuma shi kansa ya riga ya karɓi kyautar zane ta Lunning a 1955. Kilta ta dawo a 1981 da sunan Teema bayan ya sake mata fasali. Ya rasu a 1989. A 1992 gidan tarihin MoMA na New York ya baje ayyukansa, aka kuma kafa kyautar zane mai sunansa a Finland. Yau kamfanin Iittala ke sayar da Teema da Kartio, kuma sunan Franck na cikin abin da mai saye ke biya.