Yadda Masaƙun Ingila Suka Mori Zafin Hayaƙi

A zamanin da masaƙun auduga suka cika ƙasar Lankasha ta Ingila, tururi ne ke juya injunansu. Kowace masaƙa tana da manyan tukwane na ƙarfe inda ake tafasa ruwa da wutar kwal. Amma ba dukan zafin wutar ke shiga ruwan ba. Kashi mai yawa yakan bi hayaƙi ya fice ta dogon bututu, alhali kuwa ruwan da ake ɗura wa tukunyar da sanyinsa yake shiga, sai an sake ƙona wani kwal kafin ya ɗumama. Watau mai masaƙa yana sayen kwal da tsada, sa'an nan yana ɗumama sararin Allah da shi.

Mutane da dama sun lura da wannan hasara, suka gwada bi da ruwa ta cikin bututai a kan hanyar hayaƙi. Abin da ya kayar da su shi ne kunkunniya. Ba a daɗewa sai ta lulluɓe bututan, zafi ya kasa ratsawa.

A cikin shekara ta 1845 wani mutumin garin Wekfil, Edward Green, ya yi rajistar wata dabara tasa. Ya jera bututan ƙarfen zubi a tsaye, tsakanin tukunya da bututun hayaƙi, ruwa yana bi ta cikinsu, hayaƙi yana lasar bayansu. Hikimarsa ba a jerin bututan take ba, a makankara take. Ya sanya wa bututan waɗansu ƙarafa da injin ke ja da sarƙa, suna hawa suna sauka a hankali, suna kankare kunkunniya tun ba ta yi kauri ba. Da haka ruwa ya riƙa isa tukunya da zafinsa, kwal da ake ƙonawa ya ragu ƙwarai. Masu masaƙu kuwa ba a yi musu dogon wa'azi kan abin da zai rage musu kashe kuɗi. Na'urar ta bazu cikin ma'aikatu har ƙasashen waje.

Duk da haka abin yana da iyaka. In ruwan ya shiga da sanyi ainun, sai raɓa ta kwanta bayan bututan, ta gauraya da guban hayaƙin kwal, ta cinye ƙarfen. In kuma aka ƙwace wa hayaƙi zafinsa fiye da kima, sai ya yi nauyin tashi, wuta ta rasa iska.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai aka faɗaɗa wannan tunani a birnin Landan. A 1950 aka fara tura ruwan zafi daga gidan wutar lantarki na Batasi, ta ƙarƙashin kogin Tems, zuwa gidajen unguwar Pimliko. Da aka rufe gidan wutar a 1983 zafin ya yanke, tilas aka kafa wa unguwar tukwanenta.