De la Terre à la Lune

De la Terre à la Lune, wato "Daga Duniya zuwa Wata", littafin ƙagaggen labarin kimiyya ne da marubucin Faransa Jules Verne ya wallafa a 1865. Labarin ya ba da tarihin wata ƙungiyar masu ƙera igwa a birnin Baltimore na Amurka, waɗanda suka ƙera wata ƙatuwar igwa mai suna Columbiad a jihar Florida, suka harba kumbon alminiyam da mutum uku a ciki zuwa duniyar wata. A ci gaban labarin, Autour de la Lune, kumbon ya zagaya wata ya faɗo cikin tekun Pasifik.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a Disamban 1968, kumbon Apollo 8 ya tashi daga Florida da mutum uku, ya zagaya wata, ya sauka a tekun Pasifik. Sai dai hasashen igwa bai tabbata ba, domin ƙarfin harbin zai murƙushe duk wanda ke ciki. Roka aka yi amfani da ita. Masanin Rasha Konstantin Tsiolkovsky, wanda ya aza harsashin ilimin roka, ya ce littattafan Verne ne suka cusa masa sha'awar tafiya sararin samaniya.