Me ake cewa UFO na yi wa lafiyar ɗan Adam?

UFO laƙabi ne da ake yi wa duk abin da aka hango a sararin samaniya aka kasa tantance ko mene ne. Ba lallai ba ne ya zama jirgin wasu halittu daga wata duniya, ko da yake haka mutane da dama ke ɗauka. Waɗanda suka ce sun kusanci irin wannan abu sukan koka da ƙunar fata, ciwon ido, amai, zubewar gashi da rashin barci.

Labarin da ya fi shahara ya faru ne a jihar Texas ta Amurka, daren 29 ga Disamba 1980. Betty Cash da Vickie Landrum sun ce wani abu mai feshin wuta ya tare musu hanya, jirage masu saukar ungulu na kewaye da shi. Bayan 'yan kwanaki aka kwantar da Cash a asibiti, fatarta ta yi bororo, gashinta na zuba. Matan sun kai gwamnatin Amurka ƙara suna neman diyyar dala miliyan 20, amma a 1986 kotu ta kori ƙarar, saboda ba a tabbatar cewa abin ko jiragen mallakar gwamnati ba ne.

A wannan watan ne kuma sojan saman Amurka John Burroughs ya ce ya kusanci wani haske a dajin Rendlesham da ke Ingila. Daga baya ya kamu da ciwon zuciya, ya daɗe yana fafutukar ganin takardun asibitinsa na soja. Sai a 2015, bayan ofishin Sanata John McCain ya sa baki, aka amince a biya shi kuɗin naƙasa. Biyan kuɗin dai bai zama shaida kan abin da ya gani ba.

Nan ne gizo ke saƙar: likita na iya ganin ƙuna, amma ƙunar ba ta faɗin abin da ya jawo ta.

Ta fuskar ƙwaƙwalwa binciken ya fi tsayuwa da ƙafafunsa. A 2004 Richard McNally na Jami'ar Harvard ya auna mutanen da suka yi imani cewa baƙin halittu sun taɓa sace su. Da aka kunna musu labarin nasu, bugun zuciyarsu ya ƙaru, gumi ya karyo musu, tamkar waɗanda suka tsira daga yaƙi. Da yawansu sun sha fama da abin da Bahaushe ke kira dannau: mutum ya farka ya kasa motsi, yana jin kamar akwai wani a ɗakin. Firgicin gaskiya ne, ko da satar ba ta auku ba.

A Maris 2024, ofishin AARO na ma'aikatar tsaron Amurka ya bayyana cewa bai sami wata hujja da ke nuna fasahar wata duniya a rahotannin da ya bincika ba.